Askar Wanzami Ko Rezar Kanti: Wacce Za Ta Hau Kan Jaririnki?

Wannan makon zan ɗan ajiye maganar yaye da muka faro, domin wani abu ya faru a danginmu da ya tsaya mini a rai, kuma na san ba mu kaɗai ba ne.

Watan jiya ƙanwata ta sauka, haihuwar fari, namiji. A Faru take aure, can ƙasar Maradun, ba nisa da Talata Mafara, garin marigayi makaɗa Sa'idu Faru ga waɗanda ta nan suka san sunan. Na nemi hutun kwana biyu a wurin aiki na tafi suna. Da sassafe maza suka raɗa suna a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Da hantsi sai ga wanzamin gidan ya yi sallama, dattijo mai fara'a, zabirarsa rataye a kafaɗa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa a ƙoƙo da sabulu. Ya zaro aska, ya goga ta a fata, ya sake gogawa a tafin hannunsa, tana walƙiya. Cikin raha ya ce wa kakar yaron, "Yau gida na ukku ke nan, Allah ya sa albarka ga haihuwa bana."

Wannan maganar ce ta tayar da ni daga inda nake zaune. Na buɗe jakata na ɗauko sabuwar reza a cikin takardarta, na durƙusa na ce, "Baba, don Allah da wannan za a yi masa."

Kafin ya amsa, surukar ƙanwata ta riga shi. "Ke ɗiyag ga, askag ga da ita anka yi ma uban yaron ga aski, da shi da ƙannenai duka. Wa ta kashe?"

Tsakar gida ta yi tsit. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, don amarya mai haihuwar fari ba ta da bakin magana a gaban uwar miji. Zan gaya miki yadda muka ƙare, amma bari mu fara duba tambayar Inna, don tambaya ce mai ma'ana, kuma irinta za a yi miki.

Da farko a ba aska haƙƙinta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma ba na cikin masu ganin duk abin gargajiya abin yarwa ne. Wanzami ya gaji sana'arsa, tun yana yaro yake riƙe wa mahaifinsa zabira. Ya san yadda ake tallafe kan jariri ɗan kwana bakwai, ya san inda maɗiga take, ya san yadda zai ja fata da babban yatsa ya kwantar da kaifin aska har ta share gashi ba tare da ta ci nama ba. Askar tana da mariƙi, tana da nauyi a hannu, ba ta lanƙwasa. Ki kwatanta wannan da uwar da ta riƙe reza tsirara da yatsu biyu, ta danne kan yaro a tsakanin gwiwoyinta, yana kuka yana fizge-fizge. Yaran da na wanke wa ciwon kai a wurin aiki saboda aski, akasarinsu a gida aka yanke su da reza, ba wanzami ba ne. Don haka idan maganar ƙwarewa ce da kyan aski, wanzami da askarsa sun yi gaba, babu musu.

Ita kuwa reza baƙuwa ce ta jiya-jiya. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fito da dabarar siririn ƙarfen da za a yi aski da shi a yar. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, mariƙai 51 da reza 168 kaɗai ya sayar. Da aka raba wa sojojin Amurka ita a Yaƙin Duniya na Farko sai ta ƙara bazuwa. Mai mariƙin roba kuwa, wadda maigida ke ajiyewa a banɗaki, kamfanin BIC na Faransa ya fito da tasa a 1975. Turawa sun karɓe ta ne don sauƙi, don su huta da wasa aska da zuwa wurin mai aski. Mu a nan dalilinmu na komawa gare ta daban ne, kuma ya fi nasu nauyi.

Dalilin shi ne jini. Duk ƙwarewar wanzami, aski ba ya rasa ƙananan ƙarce-ƙarce da ido ba ya gani, balle a kan jariri mai fata kamar takarda. Askar da ta hau kai uku a safiya ɗaya ta ɗauko wani abu daga na farko ta kai wa na biyu, ta ɗauko daga na biyu ta kai wa na uku. Kuma ba jarirai kaɗai take bi ba. Ita ce ta gyara gemun magidanci jiya a bakin kasuwa, kuma a zabira ɗaya take kwana da kayan ƙaho da na tsaga da na kaciya.

Idan na faɗi haka, hankalin mutane yakan tafi kan ƙanjamau. Ni ba ita ce ta fi ba ni tsoro a nan ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna masu ɗauke da ƙanjamau a cikin manya kimanin kashi 1.4 ne cikin 100, amma masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B sun kai kashi 8.1. Wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane goma sha biyu. Ki ƙirga matan da suka zo miki barka, ki yi lissafi da kanki. Yawancinsu ba su sani ba, suna cin abincinsu, suna noma, suna haihuwa, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya a 2022, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.1 a shekarar.

Abu biyu ne suka sa aska ta zama abokiyar tafiyar wannan ƙwaya. Na ɗaya, ta fi ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba, ɗan jinin da bai kai kan allura ba ya isa. Na biyu, tana da taurin rai. Ƙanjamau ba ta jure zama a waje, da jini ya bushe ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Ita kuwa wannan tana iya yin aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe, tana nan da ranta. Askar da aka yi aiki da ita ranar Talata a kasuwar Mafara, aka goge aka mayar zabira, tana iya isar da saƙonta a gidan suna ranar Litinin mai zuwa.

Yanzu ga amsar tambayar Inna, wa ta kashe? Idan babba ya kamu, mafi yawan lokuta jikinsa yakan yaƙi cutar ya fitar da ita, waɗanda take zauna musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa akasin haka ne. A cikin jarirai goma da suka kamu, kimanin tara za ta zauna a hantarsu har ƙarshen rayuwa. Ba za ki ga komai ba ranar suna, ba za ki gani ba ranar yaye, ba za ki gani ba ranar da ya sauke Alƙur'ani. Sai ya kai shekara talatin ko arba'in, yana da mata da 'ya'ya, ciki ya fara kumbura, ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta hau. A ce shawara ce, a ce sammu ne, a sha saiwa a sha ɓawo, kafin a kai Gusau ko Sakkwato hanta ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Ranar da aka kai shi makwanci ba wanda zai tuna da askar da ta hau kansa yana ɗan kwana bakwai. Shi ya sa Inna take da gaskiya a iya abin da idonta ya gani. Aska ba ta taɓa kashe kowa a gabanta ba.

Kada na ɗora wa wanzamai laifin da ba nasu kaɗai ba. Babbar hanyar da jariri ke kamuwa ita ce daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa, sai kuma cuɗanyar yara a gida ta hanyar ƙuraje da raunuka. Don haka idan kina da ciki, ki nemi a yi miki gwajin ciwon hanta a wurin awo. Jini kaɗan ne a yatsa. Amma aska ƙofa ce da muke buɗewa da hannunmu, da kuɗinmu, har muna guɗa, kuma rufe ta bai kai kuɗin katin waya mafi ƙanƙanta ba.

Akwai allurar rigakafi, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Tun 2004 aka sa ta cikin jerin rigakafin yara a ƙasar nan. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, idan hakan ya kuɓuce ana yi har zuwa mako biyu, sannan sauran su biyo a cikin allurar Penta a mako 6 da 10 da 14. To amma ki duba yadda muke yi a ƙauyukanmu. An haihu a gida, mai jego ba ta fita, a ce sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Ga hanya ba lafiya, kowa na tsoron fita nesa. Ke nan ranar da aska za ta hau kan yaro, ba shi da kariyar komai a jikinsa. Idan ke ba za ki iya fita ba, ki ba kakarsa ko gwaggonsa shi, a naɗe shi da kyau a kai shi asibitin da ya fi kusa kafin ranar suna. Akwai kuma nau'in C, shi ma ta jini yake bi, yana da magani amma ba shi da rigakafi. Shi dai kariyarsa ita ce kada ƙarfen wani ya taɓa jinin ɗanki.

Sai tetanus, mai sandarar da jariri ya sarƙe masa baki. Ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta cibiya ta fi shiga, amma kowane rauni da ƙazamin ƙarfe ya yi ƙofa ce. Allurar da ake yi miki a dantse lokacin awo ita ke kare shi, don haka kada ki tsaya a guda ɗaya.

To reza fa, ta tsira ke nan? Ko kaɗan. Reza sabuwa ce sau ɗaya tak. Na sha shiga gida na tarar da uwa ta jera yara biyar, nata da na kishiya da na maƙwabta, da reza ɗaya, ta gama ta goge a gefen zane ta soke a jikin katanga ko ta ɗora a kan taga sai wani mako. Wannan ba ta da bambanci da askar da muke kuka da ita, har gara askar, don ko ba komai mai ita ya iya riƙe ta. Da haka ne makero ke zagaye yaran gida kaf. Haka rezar da ake yanke farce da ita ana miƙa wa juna.

Mu ma kanmu, tunda mu mata ne a nan, bari na faɗa. Abin aske hammata da mara ba a aronsa. Ba tsakanin ya da ƙanwa ba, ba tsakanin kishiyoyi ba, ba tsakaninki da maigida ba. Idan kina da 'ya a makarantar kwana, ki sa mata nata a akwati, fiye da ɗaya, ki gaya mata dalili, don a ɗakin kwanan 'yanmata abu ɗaya yakan zagaye gado goma. Wanda ya dakushe kuma a yar da shi, dakusasshen kaifi ya fi yin rauni.

Za a ce miki ai ana tsabtace askar. Mu duba yadda ake yi. Gogawa a tafin hannu ko a fata wasa kaifi ne, ba wanki ba. Ratsa ta cikin harshen wutar ashana sau ɗaya ba ya gasa ko'ina, musamman maganaɗar da datti ke maƙalewa. Haka masu shagon aski da ke yayyafa wa kilifa sifirit ko fetur su kunna wuta ta tashi fuu ta mutu, abin kallo ne, amma haƙoran kilifar na nan da abin da ke cikinsu. Yadda muka koya a aikin jinya shi ne a jiƙa ƙarfe minti 10 a ruwan jik, idan mai kashi 3.5 ne, awo ɗaya na jik a awo shida na ruwa. Sannan a wanke shi da sabulu da buroshi, sannan a tafasa shi minti 20 cur, ana fara ƙirga daga lokacin da ruwa ya tafaso. Ko hakan ma ba ya ba da tabbaci a kan ƙwayar tetanus, sai tukunyar tururi ta asibiti. Ki gaya mini, wanzamin da ke da gida uku kafin azahar, yaushe zai yi wannan a tsakanin kowane gida? Ga shi jik na cin ƙarfe, ba zai so ya lalata askar gado ba. Ba mugunta ba ce, abin ne ba ya yiwuwa.

Mafitar da na fi gamsuwa da ita ita ce aska mai cin reza. Siffarta ta aska ce sak, da mariƙi da komai, sai dai bakinta buɗewa yake a sa rabin sabuwar reza, a gama a cire a yar. Masu shagunan aski da yawa a birane da ita suke gyaran fuska. Wanzami bai rasa riƙon da ya saba ba, yaro bai gaji jinin kowa ba. Mariƙin dai a wanke shi da sabulu, shi ma wanzamin ya wanke hannu kafin ya karɓi jariri. Duk wadda ta je aikin Hajji ta tambayi maigidanta abin da ya gani a Mina. Hukumomin Saudiyya sun wajabta wa masu aski masu lasisi sabuwar reza ga kowane alhaji, kuma kullum suna gargaɗi a kan masu askin gefen hanya, saboda wannan ciwon hantar. Na kan kawo wannan misalin ga dattawa, don yana nuna musu aski ibada ce a can ma, kuma canza ƙarfe bai rage mata komai ba. Sunna ta ce a aske kan jariri ranar bakwai, ba ta ce lalle sai da askar da ta aske kakansa ba.

Kuskurena a Faru shi ne lokacin da na zaɓa. Na yi magana a gaban mata cike da tsakar gida, dattijo ya riga ya zaro askarsa. Kowa aka yi wa haka zai ji an ce masa ƙazami, kuma dama wanzami ba ya son jarfa. Ke kada ki yi irin tawa. Tun kwana uku da haihuwa ki yi magana da maigida, shi ya je ya sami wanzamin su biyu, ya ce masa ma'aikatan asibiti ne suka ba da shawara, ya kai masa rezar da mariƙin, ya tabbatar masa kasonsa na suna yana nan ba abin da zai ragu. Uwar miji ma ɗanta ne zai shawo kanta, ba ke ba. Rezar kuma a buɗe ta a gaban idon wani naki. Da za a samu masu unguwanni da Sarkin Aska su zauna da ma'aikatan lafiya a kan wannan, da an huta da rigimar gida-gida, kuma su kansu wanzaman a yi musu gwaji da rigakafi, don sun fi kowa taɓa jinin mutane da hannu tsirara.

Wani abu kuma, ki sa ido kada aski ya zarce aski. A wurare da yawa, da an gama kai sai a buɗe bakin jariri a cire beli, wasu har a taɓa gaban 'ya mace. Wannan ko da sabon ƙarfe ne ban yarda da shi ba. Jariri a makon farko jininsa bai gama ƙwarin daskarewa ba, kuma ɗan jinin da babba zai raina, a jikinsa mai yawa ne. Zan ware wa wannan mako guda. Kaciyar yara maza ta lokacin hunturu ma ƙa'idar ɗaya ce, kowane yaro da nasa ƙarfen.

Bayan aski ki sa masa hula, don ta kai jariri ke saurin yin sanyi. Idan an ɗan yanke shi, ki danna wurin da tsabtataccen ƙyalle minti 10 ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko man goge baki, ko garin magani. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya kumbura ya yi ruwa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yaron da ke kama nono lafiya ya daina kamawa, ko ya fara sandarewa, a tafi asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Rezar da aka gama da ita kada ta je bola. Bolarmu ita ake kwasa a kai gona a matsayin taki, yara na tona ta, almajirai na takawa ba takalmi. Ki sami gwangwani ko gorar roba mai murfi ki riƙa jefawa a ciki, nesa da hannun yara, idan ta taru a kai asibiti a haɗa da allurai, ko a haƙa rami mai zurfi a binne.

Amma maigida mai fama da ƙurajen gemu, wannan magana ce daban. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka aske shi ƙwal har ƙasan fata sai ya lanƙwasa ya koma ciki ya yi ƙurji. Mai baki uku ko huɗu ta fi jawo haka. Ya gwada mai baki ɗaya, ya jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ya bi kwanciyar gashi, ko ya sayi kilifarsa ya riƙa ragewa kawai.

A Faru kuwa, mijin ƙanwata ne ya fitar da mu. Ya ji shirun ya leƙo, ya ja Baba wanzami zaure suka yi magana da ban ji ba. Da suka dawo, dattijon ya miƙo hannu ya karɓi rezar, ya juya ta ya ce shi bai saba riƙon wannan ba, ba zai kusanci maɗigar yaro da abin da ke lanƙwasa a hannunsa ba. Gaskiyarsa. Aka tura yaro a babur wurin wani mai shagon aski ya aro mariƙi, na wanke shi da hannuna, na jiƙa a jik, na tafasa a tukunyar shayi, mata na kallona kamar wata mai sabon addini. Sai kusan azahar aka yi askin, tuwo har ya fara hucewa. Inna ba ta ƙara ce mini komai ba har na tafi, ko sallamata da ƙyar ta amsa.

Makon jiya ƙanwata ta bugo waya. An kai yaron allurar mako shida. Ta ce Baba wanzami ya aiko a tambaye ni a wane shago ake samun irin mariƙin nan a Mafara, da kuma nawa ne.